Domingo da Akwatin da Ya Ƙi Maraya

Ranar Juma'ar nan ta watan Afrilu gari ya waye da dusar ƙanƙara, irin mai nauyin nan da ke zuwa bayan kowa ya ɗauka sanyi ya wuce. Iska tana gangarowa daga duwatsun Bighorn tana kaɗa wayoyin kan titi. A irin wannan rana makiyaya ke asarar 'yan tumaki, kuma Domingo Iriarte ya san da zuwanta tun kafin ya ɗaga labule, don gwiwarsa ta riga ta faɗa masa. Sai dai yanzu ba shi da ko tunkiya ɗaya. Abin da ke gabansa akwati biyu ne, baƙi da fari, sun ƙi jituwa.

Domingo ya zo Wyoming ta Amurka yana saurayi daga ƙasar Basque da ke tsakanin Sifen da Faransa, ba Turanci a bakinsa, karatu kuma bai yi nisa ba. Aka ba shi kare da keken doki mai rumfa da garken wani, aka nuna masa dutse. Can ya yi ƙuruciyarsa. Abin da ya yi suna a kai shi ne haɗa maraya da uwa. Ita tunkiya, ɗan da ta fara shinshinawa shi ne nata. Wani ya matso nono, ta tunkuye shi. In ɗanta ya mutu, ga kuma maraya yana kuka, wasu makiyayan sai ɗauri da zagi. Shi Domingo sai ya ɗauke gawar, ya kai uwar ɗan lungu mai duhu, ya bar ta har warin ya fita daga hancinta. Sannan ya turo marayan, ya kifa bokiti ya zauna yana jira. Ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya.

Ya auri Graciana, mai dafa abinci a gidan saukar makiyaya, suka haifi 'ya ɗaya, Maite, wadda yanzu take aiki a Denver. Da ƙarfi ya ja baya suka sayar da tumaki suka dawo cikin gari. Graciana ce ta koyi kwamfuta, don ganin hotunan dangi na gida. Bayan rasuwarta Domingo bai matsar da kwamfutar ba. Tana nan a kusurwa da ɗan mayafin da ta saƙa mata, wayarta a soke cikin baƙin akwatin kamfanin kebul mai kawo intanet, wanda ake kira modem.

Da sanyin bana ya faɗi a tsakar gida. Likitoci suka dasa masa ɗan inji a ƙirji, suka ba shi wata na'ura ta gefen gado mai aika wa asibiti labarin zuciyarsa. Ita kuwa ba ta aiki da waya, sai ta iska. Shi ya sa Maite ta aiko da farin akwati mai ƙaho biyu, rauta, wanda zai karɓa daga modem ya raba wa gida.

Ya bi hoton jikin kwali. Ya zare wayar daga kwamfutar Graciana, ya soka a shuɗin ramin rauta. Fitila ta yi ja. Ya mayar wa kwamfuta, nan take ta kawo. Ya sāke, ja. Haka aka yi ta yi har Maite ta kira.

“Aita,” ta ce, don haka take kiran ubanta da harshensu, “asibiti sun ce shiru suke ji daga wajenka.”

“Zuciyar tana nan tana bugawa. In sun matsu su zo su saurara.”

“Ba wasa nake ba. Lahadi ina tafe. In na'urar nan ba ta yi magana ba, da akwatunan kaya zan zo. Na gyara maka ɗaki.”

Ya san ɗakin. Can saman bene, tagarsa na kallon bangon wani. Ba dutse, ba kabarin Graciana.

Da hantsi sai ga Wilma Haugen, maƙwabciyarsa, wadda ta tuƙa motar 'yan makaranta har ta yi ritaya. Ta shigo tana kakkaɓe takalmi, da faranti na burodi mai kirfa.

“Tsoho, har yanzu kana kokawa da ɗan akwatin nan? Na ji an ce a Denver har wanka ake yi wa mutum.”

“Ke za ki riga ni zuwa. Zauna, ki rufe baki da ƙofa, iska na shigowa ta duka biyun.”

Ya ɗauki wayar gida ya kira kamfanin. Bayan dogon kiɗa wata yarinya mai sanyin murya ta ɗauka, ta ce sunanta Tamika. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, “Baba, modem yana riƙe na'urar da ya fara gani lokacin da ya tashi. Ita kaɗai ya sani. Sai an kashe shi ya manta.”

Domingo ya kalli baƙin akwatin. “Ashe tunkiya ce,” ya ce.

“Na'am?”

“Ba komai, 'yata. Ci gaba.”

Ta ce ya zare wayar wutarsa daga bango, ya ɗan jira, ya mayar. Ya yi. Ja. Suka sāke. Ja. Tamika ta fara zancen turo ma'aikaci, amma da wannan ƙanƙara sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa kuwa Lahadi ta wuce.

“Bari mu ƙara ɗaya,” ya ce. Ya zare wayar, amma wannan karon bai tsaya kallon bango ba. Ya ɗora tafin hannu a kan baƙin akwatin, yadda yakan taɓa cikin tunkiya. Da ɗumi. Ya sunkuya, ya ga wata 'yar fitila a ƙasa tana ci.

“Wannan bai yi barci ba,” ya ce. “Ido kawai ya lumshe.”

Wilma ta ajiye kofi. “Tsaya. Kai da wace waya kake magana?”

“Ta gida mana.”

“Bi igiyarta ka gani.”

Ya bi. Igiyar ta zagaya bayan tebur ta shige cikin modem ɗin.

“To, ka ce ka kashe shi, ga shi kana ta hira ta cikinsa. Gawa na magana ne?”

Domingo ya juya akwatin ya kwantar da shi rigingine. A ƙasansa akwai 'yar ƙofa. Ya sa farcen babban yatsa ya ɓalle ta. Ga batir nan kwance, ƙato kamar sandar sabulu.

“Af!” in ji Tamika. “Irin na da ne, mai batir don kada waya ta mutu in an ɗauke wuta. Amma Baba, kana cirewa za mu rabu.”

“Kin yi naki, 'yata. Allah ya yi miki albarka.”

Ya zare. Waya ta yi tsit, fitila ta mutu.

“Mayar, mayar!” in ji Wilma.

“Ba yanzu ba.”

Ya jawo kujera. Ya gutsuri burodi, ya tsoma a kofi, ya ci a hankali. Wilma tana ta kaɗa ƙafa.

“Yara sittin na kan kwasa kafin ka gama loma ɗaya.”

“Shi ya sa duk suka tashi ba su da haƙuri.”

Sai da akwatin ya huce sarai ya tashi. Ya soka wayar a shuɗin ramin rauta, ya bar ta a kashe. Ya mayar da batir, ya ba modem wuta, ya jira fitilunsa suka daina ƙifce suka tsaya. Sannan ya kunna rauta, ya zama ita ce farkon abin da zai shinshina.

Ja. Wilma ta kama baki. Fitilar ta yi ƙifce, ta sāke, ta koma ruwan ɗorawa. Sai kore.

“Uwa ta karɓi maraya!” Domingo ya buga tebur har kofi ya fantsama. Wilma, da gwiwoyin ƙarfen da likita ya sa mata, ta miƙe ta yi juyi a tsakar kicin. Ya ɗauki wata waya da ta zo cikin kwalin rauta ya haɗa kwamfutar Graciana a bayan rauta. Hotuna suka fito. Ya shiga ɗaki, Wilma ta karanto masa kalmar sirri daga gindin farin akwatin, ya danna maɓallin na'urar gefen gado.

Da la'asar waya ta yi ƙara.

“Aita! Asibiti sun gani. Wa ya zo ya gyara?”

“Wani tsohon makiyayi. Ki zo da yunwa ran Lahadi, ki bar akwatuna.”

Ta zo, ta tarar da wake da naman rago a tukunyar ƙarfe. Ta tsaya ta daɗe tana kallon koriyar fitilar, sannan ta jawo kujera ta zauna cin abinci, zancen ɗakin Denver ya wuce.

Domingo yana nan a gidansa na bayan coci. Na'urar tana aika labarinsa, kwamfutar Graciana tana kusurwarta da mayafinta. In modem ɗin wani a layin ya yi gardama, shi ake kira, kuma yakan ce a fara ɗora ruwan kofi.