Yadda Na'Allah Mai Fito Ya Bar Gulbi

Na'Allah mai fito ne. Gidansa yana cikin birnin Sakkwato, amma a bakin gulbin Rima yake wuni, yana ƙetarar da mutanen Kwalkwalawa da kayansu a kwalekwale. A tsaye yake tuƙi, kuma kowa ya san ruwa bai taɓa kayar da shi ba.

A farkon zamanin Nasara annobar sanƙarau ta shigo gari da bazara. Ta kwantar da shi, ta ɗauke ƙanensa, shi ta ƙyale shi. Ya tashi kunnensa ya yi nauyi, da kuma wani abu da bai san sunansa ba.

Idan yana zaune shiru, komai daram, har tururuwa yana gani a ƙasa. Da ya miƙe ya taka, sai katanga ta dinga tsalle tare da kowane takunsa. In ya waiwaya, tsakar gida ta zame gefe kamar an fizgi tabarma.

Ranar da ya fara fitowa daga ɗaki ya rungume bakin ƙofa, ya kira matarsa. "Dijatu, rumbun ga motsi yakai?"

"Wane motsi, maigida? Ga shi nan tsaye."

Bai ƙara tambaya ba. Ya san in magana ta fita za a ce iskokin ruwa sun taɓa shi, ko hankalinsa ya gushe, kuma ba mai sake shiga jirginsa. Sai ya ɓoye.

A hanya fuskokin mutane suna girgiza, ba ya gane kowa sai ya tsaya cik. Ya wuce surukinsa Malam Junaidu a kusa da Hubbare bai gaishe shi ba, aka kawo ƙara gida. A masallaci ma, in ya juya kai don sallama, sahu yakan yi lilo, sai ya dafa ƙasa.

Da damina ta sauka, gulbi ya cika, ya koma bakin aiki yana fatan jiki zai tuna abin da ya saba. Ya ɗauki wasu mata biyu masu tallan nono. Kusa da gaɓa ya daure. Da suka kai tsakiya igiyar ruwa ta fara kaɗa jirgin, sai gaɓar tsallake ta hau rawa, itatuwa suna hawa suna sauka. Ya nemi inda zai sauke su, ya rasa. Ɗaya daga cikin matan ta yi magana, ya juya da sauri don ya ji, sama da ruwa suka hautsine. Sandar tuƙi ta kuɓuce, ya bi ta.

Ruwan jajir ne da laka, ba a ganin komai. Ya yi iyo da dukkan ƙarfinsa zuwa inda yake zaton sama ne. Hannunsa ya nutse cikin taɓo. Ashe ƙasa yake ta yi. Ya juya, ya sake taɓo taɓon. Ƙirjinsa kamar zai tsage, ya fara kalmar shahada a zuci.

Siddiƙu, abokin sana'arsa, shi ya yi nutso ya cafko shi ta wando. Matan kuwa ruwa ya tafi da su cikin jirgin suna kururuwa, sai can gaba jirgin ya maƙale a ciyawa aka fito da su.

Na'Allah yana kwance a gaɓa yana aman ruwa, Siddiƙu ya durƙusa a kansa. "Mi as same ka? Kai da ka koya man iyo!"

"Ban san inda sama take ba," in ji shi. "Tun da nit tashi ciwon nan, in na motsa kai duniya ba ta tsayawa."

Siddiƙu ya ce gwaggonsa ma haka sanƙarau ya bar ta, bango take bi.

An yi rubutun sha, an yi turare, abin bai tafi ba. Ya bar wa Siddiƙu kwalekwalen, ya samu rumfa a kasuwa yana tufka igiya, bayansa jingine da bango. Ya riƙa tafiya da sanda, in an kira shi sai ya tsaya, ya juyo da jikinsa duka a hankali.

A wannan rumfa ya tsufa. Har ya rasu, in zai yi wanka sai ya zauna a kan turmi ya dafa katanga, kuma ba ya yarda ya rufe ido lokacin da yake zuba ruwa a kansa.