Ranar da Babur Ya Sha Maganin Matata

Mun baro Makarfi ke nan injin babur ɗin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ina goye a bayan Malam Yohanna, malamin asibiti. A Gubuchi kuwa matata na kwance, lauje ya sare ta a ƙafa, ciwon ya ruɓe. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, babur ɗin nan kaɗai gare mu.

Ya tsaya, ya shinshina tanki, ya ce an haɗa man da kananzir. Sai ya ciro kwalbar sifirit ɗin wanke ciwo, ya tsiyaya rabi a ciki.

Na riƙe hannunsa. "Malam, da me za ka wanke mata ƙafar?"

"Sifirit yana hana fetur kamawa da wuta kafin lokacinsa. In injin nan ya ƙone, wa zai kai mu?"

Na saki hannunsa, muka ci gaba da tafiya. Ƙarar ta lafa, muka isa, rabin da ya rage ya wadatar wajen wanke mata ƙafar.

Yau jikana ke ce mini ana zuba irinsa a fetur, wai etanol. Ni dai har gobe in inji ya ƙwanƙwasa, ƙafar nan nake gani.

Da ku ne, za ku sakar masa hannu?