Na je Zuru ɗauko ɗan dambe

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Jega, ni da wani abokina, a motar da ba ta tashi sai an tura. Ba yawo ya kai ni Zuru ba, Inna ce ta aike ni. Ƙanena ɗan dambe ne, bara aka kai shi ƙasa har haƙorinsa ya fita. Sun yi alkawari da Inna, in aka sake kayar da shi zai bar dambe ya dawo sayar da nama. Ni aka tura shaida, in ya faɗi in taho da shi.

Daga Koko zuwa Mahuta hanya ta jijjiga mu har kunun da na sha ya nemi dawowa. Da muka doshi Dabai sai ƙasa ta sauya, ga duwatsu, ga dawa ta fi mutum tsayi. Mata na sayar da doya da arha a bakin titi, ciniki da Hausa, in za su yi gulmarka su juya yarensu, Dakarci.

Na sami ƙanena a gidan haya, su da yawa a ɗaki guda. Da na ɗauka 'yan dambe cin nama da kirari kawai suka iya. Ashe kafin rana ta fito sun hau dutse da gudu sun sauko, sun daki buhun yashi, sannan su wuce ƙwadago gonakin Manga. Da yamma a gasa hannu da ruwan zafi a shafa man kaɗe. Abin da ya ɗaure min kai, ƙaton Badakkaren da ya kayar da shi bara, kwanon tuwonsu ɗaya, kuma da shi zai sake karawa.

Ranar wasa kalangu ya ɗauka, fili ya cika. Turmin farko babu wanda ya faɗi. A na biyu zaren da Badakkaren ya naɗe hannunsa da shi ya warware, ya mai da ido kan zaren, ya bar fuska a buɗe. Ni da ko kaza ban taɓa duka ba na miƙe ina yi wa ƙanena ihun ya kai masa naushi. Ƙanena ya ja baya ya sauke hannu, ya jira har aka sake ɗaure zaren. A turmi na uku ƙanena ya sha naushi a haƙarƙari, ya yi tangaɗi, amma gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Aka raba su canjaras.

Da na hau shi da faɗan damar da ya bari, sai ya ce, "Yaya, in na buge shi hannu kwance, ba ni nik kada shi ba, zare yak kada shi."

Washegari muka juyo, da la'asar muna Jega. Inna ta gan ni ni kaɗai, na zayyana mata komai. Da na gama sai ta ce, "To, bar shi can."

Tafiyar nan ta nuna min cewa ƙarfi kaɗan ne daga cikin dambe, sauran horo ne da riƙe zuciya. An aike ni ɗauko ƙanena, na dawo babu shi, kuma ban taɓa alfahari da shi kamar wannan ranar ba.