Yashin Legas Ya Gusa, A Taya Mu Jimami

Jiya Talata na cika shekara goma sha ɗaya ina rubuta takardar koke kan masu tifa da ke kwashe yashin rafinmu a Kibiya. Sai ga kiran ɗana Sagiru daga Legas. Aikinsa a can koya wa masu hutu hawa igiyar teku a kan allo. E, wannan ma sana'a ce.

Na ji muryarsa a dagule.

"Baba, sati biyu ba mu samu igiya mai kyau ba. Yashin ƙarƙashin ruwa ya gusa, igiyar ba ta tashi. Baƙi duk sun watse."

Na ce, "Subhanallahi! Wa ya kwashe muku?"

"Ba kowa, Baba, teku ce. Nan da wata guda za ta dawo da shi."

"To ka gaishe min da ita, ta fi mutane amana. Namu yashin yana Kano an yi benaye da shi, ban ga ya kamo hanyar gida ba."

Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Karatun safiyo na yi, wato awon ƙasa. Da Turanci mai kyau na rubuta wa hukuma cewa gaɓar rafin za ta zube. Ashe Turancin kawai aka yaba.

Wanda ya taɓa ganin tifa ta dawo da yashi, ya ba mu labari a nan. Ni dai damunar bana ruwa ya cinye lambun da mahaifina ya bar mini a gaɓar rafin, da bishiyoyin mangwaro tara da rijiya.