Mai Madubi, Wadda Ta Tsaya wa Tsofaffin Mata

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiyar da aka fi sani da Mai Madubi a shekarar 1948, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, a gidan haya da ke bayan kasuwa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuma tana ɗinkin kayan yara. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma ita kaɗai mahaifin yake bari ta matso kusa da teburinsa, domin hannunta ba ya rawa, kuma in ƙaramar kusa ta faɗi ƙasa ita ke gano ta.

Karatu, Aiki da Aure

Ta shiga firamare a 1955, ta kammala makarantar koyon gwaje-gwajen asibiti a 1969, aka ɗauke ta aiki a ɗakin gwajin jini na babban asibiti, wani ɗaki a ƙarƙashin bene wanda aka toshe tagarsa ɗaya tilo da kabad. Yawan sunkuyonta a kan madubin duba jini ne ya jawo mata laƙabin da ya danne sunanta na yanka. A 1971 ta auri wani malamin lissafi, Allah ya azurta su da 'ya'ya shida, ɗaya ta rasu tana jaririya.

Rashin Lafiyar Surukarta

A 1988 surukarta, mai shekara saba'in, ta fara mantuwa da tangaɗi, tana kukan ƙafafunta sun mutu, har ta kai tana kiran ɗanta da sunan marigayi mijinta. Dangi suka yanke cewa ruɗin tsufa ne, suka raba tukwanenta a tsakaninsu, suka shirya mayar da ita ɗakin baya a riƙa kulle ƙofa. Mai Madubi ta durƙusa gaban wan mijinta ta ce, "Yaya, kafin a sa kwaɗo, a ba ni ɗigo ɗaya na jinin Inna."

Ya ce, "To, likitan gida, tsufan ma a madubi ake ganinsa?" Amma ya yarda.

Da ta duba, ta ga ƙwayoyin jinin sun yi girma fiye da kima, alamar da ta san tana zuwa da ƙarancin bitamin B12, wanda cikin tsoho kan gaza tsotsa daga abinci. Kasancewar ita ba likita ba ce, sai da ta yi sawu huɗu zuwa ofishin babban likita kafin ya leƙa madubin da kansa, ya rubuta allura. Bayan wata uku tsohuwa ta fito tsakar gida da ƙafarta, ta dubi 'ya'yanta ta ce, "Wa ya ba ku izinin raba min tukwane ina raye?" Kafin azahar an dawo da su duka, har da murfi.

Ranar Tsofaffi

Wannan lamari ya sa a 1990 Mai Madubi ta nemi izinin hukumar asibiti, aka ware ranar Laraba domin matan da suka haura hamsin. A kan benci biyu a baranda ta shekara goma sha huɗu tana bayyana musu cewa buƙatar jikin mace tana sauyawa bayan ɗaukewar al'ada: kada su sha maganin ƙarin jini ba tare da gwaji ba, su kula da ƙashi ta hanyar madara, ganye da ƙananan kifi, su riƙa fita hantsi saboda bitamin D. Ba ta taɓa ɓoye musu cewa akwai mantuwar da allura ba ta warkarwa ba. Abin da ta ƙi shi ne a yanke wa mace hukunci ba a duba ta ba.

Shekarun Ƙarshe

Ta yi ritaya a 2004, mijinta ya rasu a 2009. A 2012 santsi ya kwashe ta a banɗaki, ƙugunta ya karye, hoto kuma ya nuna ƙashinta ya zaizaye ƙwarai. Ta amsa cewa ita kanta ba ta taɓa zuwa an duba ta ba. Ta ce wa babbar 'yarta, "Na aika mata dubu su sha hantsi, ni ina ƙarƙashin bene." Da ta miƙe da sanda, sai ta riƙa zuwa barandar Laraba da hoton a jaka, tana ɗaga shi ga duk wadda ta ce ba ta da lokaci.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar wata Litinin a watan Maris na 2024, tana da shekara saba'in da shida, bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta aka binne ta kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya biyar: babbar 'yar, shugabar makaranta, da injiniya, da tagwaye mata masu shagon ɗinki, da auta direban babbar mota, tare da jikoki goma sha tara. Wasiyyarta ɗaya ce: duk mace a zuriyarta in ta kai hamsin ta je a duba jininta da ƙashinta. Babbar 'yar, wadda ta shekara biyu tana cewa sai ta samu sarari, ta je a makon da baƙi suka watse. Allah ya jiƙanta da rahama.