Ƙullin da Mato Ya Koya wa Damargu

Idan aka idar da sallar asuba a Gangara, kowa ya san inda zai sami Mato. Yana gindin gawon da ke ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafa, kabar da ya jiƙa tun jiya tana gabansa. Ya tsaga ta sili-sili, ya maƙale bakin a babban yatsan ƙafa, ya shiga murzawa. Shekara arba'in ke nan yana tufka igiyar rijiya. Tafin hannunsa ya yi kanta, har matarsa Balki takan ce ko garwashi ya ɗauka, sai ya ji ƙauri kafin ya ji zafi.

Wanda bai san Damargu ba, ba zai san darajar igiya ba. Rijiyoyinmu zurfi gare su, gaba talatin, gaba arba'in, wata ko ka leƙa ba ka ganin ruwan. Raƙumi ko takarkari ke jan guga, kuma in rijiya ta cushe da yashi, mutum ake zurawa ya yashe ta. Shi ya sa Mato ba ya miƙa wa kowa igiya sai ya jefa ta a reshen gawon nan ya rataya da kansa, gaba bayan gaba, har ƙarshenta. Mutane na tsokanarsa, wai ga dattijo da furfura yana lilo. Amsarsa ɗaya ce: "In za ta tsinke, ta tsinke da ni."

Kai, inuwar gawon nan ta ga jama'a! Fulani da Abzinawa, kowa ya durƙusar da raƙuminsa ya jira tasa igiyar. Aghali, wani makiyayi daga wajen Tenhya, yakan zo da cuku da butar shayi, ya yini yana gardama da Mato a kan ko kabar bana ta kai ta bara. Har yau in na tuna hayaniyar wurin sai kewa ta kama ni.

Shekara biyar bayan samun mulkin kai, Ila ɗan kasuwa ya sauko daga motar Damagaram da wata igiya fara mai sheƙi. Ya ce sunanta nilon, mutane suka ce igiyar roba. Mato ya je ya shafa ta, ya sansana.

"Ila, wace itaciya ce wannan?"

"Baba, ba a shuka ta. Mai kantin ya ce daga man da ake haƙowa a ƙasa ake yin ta. A narka abin kamar kitse, a matsa shi ta wani ƙarfe mai ƙananan ƙofofi irin na rariya, ya fito siriri kamar gashi. Iska ta busar da shi, wani inji ya ja, wani ya murɗa. Abin da kake tufkawa a shekara, su kafin azahar sun gama."

Mato ya ce, "To, wa ke rataya a kanta ya gwada?"

Aka bushe da dariya. Amma igiyar ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, ta kaba kuwa rani ɗaya take yi. Kafin damina biyu inuwar gawo ta zama fayau. Aghali ma ya koma gaida Mato daga kan raƙumi, fuska a kauce. Mato bai yi ƙorafi ba, amma Balki ta ce kullum yakan shimfiɗa tabarma biyu, tasa da ta baƙi, da la'asar ya naɗe ta biyun ba wanda ya zauna a kai.

Sai ranar da aka zura Jibo mai yasar rijiya a babbar rijiyar gari. An ɗaura sandar da zai zauna a kai da sabuwar igiyar roba, da ƙullin da iyaye da kakanni ke yi. Saura gaba uku ya isa ƙasa, masu riƙo suka ji igiya ta yi sakayau. Suka jawo, ba Jibo, ba sanda. Daga can ƙasa sai nishi.

Waɗanda ke wurin sun ce ba su ga lokacin da Mato ya iso ba, sai dai suka gan shi da igiyar kaba a kafaɗa yana ɗaura ƙugunsa. Aka ce, "Baba, bari matasa su shiga." Ya ce, "Ni na san igiyata." Yana da shekara sittin ya sauka gaba talatin da biyar, ya ɗaure Jibo da karyayyiyar ƙafarsa aka jawo shi, sannan aka mayar da igiya aka jawo shi shi ma.

Ranar nan Gangara ta yi rantsuwa ta bar igiyar roba. Kashegari tabarma biyu ba ta isa ba. Aghali ya dawo da butarsa, yana cewa, "Dattijo, mun yi kuskure, ka yafe mana." Abin da Mato ya shekara biyu yana bege ya dawo masa har gida, kuma ba abin da ake bukata daga gare shi sai ya yi shiru.

Amma ya riga ya duba bakin igiyar da aka jawo. Ba ta tsinke ba, ko sili ɗaya bai katse ba. Ƙullin ne ya zame. Kaba tana da kaushi, in ka ƙulla ta sai ta ciji kanta, wannan kuwa santsi gare ta. Ya kuma san makiyayan arewa da ba su ji labarin Jibo ba suna nan suna yi mata irin wannan ƙulli.

Kwana tara yana fama da guntun igiyar. Ya warware bakinta, ya saƙa silin ya mayar cikin jikinta, ya riɓa ƙullin, ya narka ƙarshen da garwashi don kada ya tarwatse. Ya rataya a gawo ya faɗo, ya sake. A rana ta tara ta riƙe shi. Balki tana tsaye a bakin zaure, ta ce, "Maigida, da hannunka za ka kori mutanen da suka dawo maka?"

Ya ce, "Balki, in na yi shiru wani ya faɗa, ni na tura shi."

Ranar kasuwa ya tsaya a gaban rumfar Ila ya ce, "Jama'a, igiyar nan ba ta yi laifi ba. Mu muka yi mata ƙullin kaba." Ya nuna musu, ya kama hannun kowa ya koya masa, har Aghali. Kafin kaka inuwar gawo ta sake zama fayau.

Mato na Balki, mai hannun kaba! Kai ne ka ga abincinka a gefe ɗaya, ran wani a gefe ɗaya, ba ka tsaya aunawa ba. Daga Gangara zuwa Tanut har rijiyoyin Tenhya ƙullinka ake yi, kuma yawancin masu yin sa ba su san sunanka ba. Injin da ya yi igiyar ya fi ka sauri, ba mu musa ba, amma bai taɓa sauka rijiya don ɗan wani ba. Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya sa ka gama lafiya. Mu kuma masu sana'a, in mun san abin da zai ceci mutum, mu faɗa ko da zai rage mana kasuwa. Wanda hanya ta bi da shi Gangara, ya ratse ya zauna a tabarmar nan ta biyu, don har yanzu ana shimfiɗa ta.

Bana tsufa ya kama Mato, igiya ɗaya tak ya iya tufkawa. Jibo ne ya zo da ɗingishinsa ya ce ita yake so. Mato ya ce, "Ta roba ta fi ta ƙarfi, ai na gaya maka."

Jibo ya ce, "Na sani, Baba. Amma wannan an rataya a kanta."