Bijimin Gap-su Mai Tafiya da Baya

Pyon Gap-su ya girme ni, shi ya sa nake ce masa Yaya tun muna yara a garin Jeonju na ƙasar Koriya. Ni aka kai ni makarantar mishan, na fito malamin makaranta. Shi kuwa aka ba shi ga wani mai sassaƙa hatimi a bayan kotu, ya gaji sana'ar. A zamaninmu ba a sayar da gona ko a rubuta aure sai an danna hatimi cikin jan tawada, kuma rabin hatiman unguwarmu daga hannunsa suka fito. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Wuni yake yi da gilashi a ido ɗaya, yana yanka sunan mutum a juye a kan guntun katako, domin in an buga ya fito daidai.

Bara da kaka ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya yi nawa. 'Yarsa Hye-ran ta zo daga Seoul da maganar gidan kula da tsofaffi. Shi kuma ya ce ko ɗakinsa na saman shago, ko kabari. Ma'aikaciyar asibitin da ke motsa masa gaɓoɓi ce ta raba gardamar. Ta kawo kwalin kayan haɗa bijimin roba mai tafiya da batir, irin wanda ake saya wa 'yan firamare. Ta ce in ya haɗa shi shi kaɗai, to hannunsa da hankalinsa sun isa zaman gida. Hye-ran ta amince.

Da na je duba shi a asibiti, na tarar ya baje kayan a kan tiren abinci.

"Ɗan mishan, karanta min nan," in ji shi.

"An rubuta daga shekara takwas zuwa sama, Yaya. Ka cancanta."

"Allah wadan iliminka. Miƙo min tabarau."

Ƙananan kusoshin su suka ba shi wuya. Sai ya ɗauki ɗaya ta kuɓuce, ta gangara ƙarƙashin gado. In na sunkuya ya ce, "Ɗauko, amma kada ka ɗaura. Hannun alli ba ya taɓa min aiki." Na ga yatsun da suka taɓa yanka suna a wuri ƙarami kamar farce suna rawa a kan kusa ɗaya har gumi ya keto masa. Haka ya yi ta fama kusan mako, ƙafa bayan ƙafa, sannan ɗan injin, sannan wayoyi.

Ranar Asabar Hye-ran ta zo. Ya ajiye bijimin a ƙasa, ya danna maɓalli. Ƙafafu huɗu suka motsa lafiya lau, sai dai dabbar ta kama hanya da baya, wutsiya a gaba, har ta daki bango. Wani tsoho a gadon kusa ya tuntsire da dariya. Hye-ran ba ta yi ba.

"Baba, ka gani ko? Komai ka sa shi a juye. Ranar da ka murɗa gas haka fa?"

Gap-su ya ɗauki bijimin, ya kara shi da zanen takardar, ya daɗe yana dubawa. Injin da zane ya sa a hagu yana dama. Haka kowane abu, ba wanda ya kuskure.

"Ba ciwon ba ne," in ji shi a hankali. "Duk zanen da aka ajiye min a gaba, idona juya shi yake yi. Tun kafin a haife ki."

Ta dube ni. "Baffa, ku faɗa masa gaskiya."

Na ce ban san abin da likita zai ce ba. Abin da na sani, tun muna samari shi ke karanta min sunan shaguna daga cikin madubin wanzami.

Bai jira hukuncinta ba. Ya jawo tire, ya fara kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Kwancewa ta fi ɗaurawa wuya, gama dole yatsu su riƙe kusar a lokacin da ta saki. Hye-ran na tsaye da jakarta a kafaɗa tana kallon hannun. Motar da za ta mayar da ita Seoul ta tashi ba ita. Can ta ajiye jakar, ta zauna a bakin gado.

"In ka koma, za a sauya murhun da na lantarki," ta ce. "Kuma kullum da safe zan kira."

"Kira. Amma matsa, kin tare min haske."